ZIYARAR HUBBAREN SARKIN MUSULMI BELLO A WURNO: DARASI GA ƊALIBI MATAFIYI

Idan aka tambayi 'yan makaranta inda suke so a kai su yawon buɗe ido, yawanci amsar ba ta wuce Yankari, ko madatsar ruwa ta Kainji, ko gidan tarihi na Jos. Da wuya ka ji wanda ya ce Wurno. Alhali kuwa a Wurno aka binne mutumin da ya gina birnin Sakkwato, ya kuma riƙe daular da ta fi kowace girma a Afirka ta Yamma a zamaninsa har shekara 20. Wannan darasi a kan kabarinsa ne, da ƙasar da ke kewaye da shi, da yadda ya kamata ɗalibi Kirista ya shiga wurin da waɗansu suke girmamawa bisa ga addinin da ba nasa ba. Da gangan na haɗa tarihi da ladabi wuri ɗaya, gama wanda ya tafi da ɗaya ya bar ɗaya a gida, asarar kuɗin mota kawai ya yi.

Bari mu fara da misali daga nesa. A ƙasar Biyetnam, can gabashin Asiya, akwai ɗakunan ibada na mabiya addinin Buda waɗanda matafiya daga ko'ina cikin duniya sukan je gani. Ɗaya daga cikinsu yana garin Huwe, a kan tudu a bakin kogi. An kafa shi a 1601, kuma an san shi da wata hasumiya mai hawa 7 da aka gina a 1844. A can ciki an ajiye wata tsohuwar mota ƙirar Austin. Baƙon da bai san labari ba zai dube ta ya wuce, ko ya yi mamakin abin da ya kawo mota wurin ibada. Amma a cikin motar nan ce aka kai wani dattijon malamin addinin Buda birnin Saigon a 1963, inda ya cinna wa kansa wuta a tsakiyar titi don nuna ƙin yadda gwamnatin lokacin take danne masu addininsa. Shugaban wannan gwamnati kuwa Kirista ne, kuma ya kamata mu faɗi haka, kada mu ɓoye. To, mutum biyu za su tsaya gaban mota ɗaya, ɗaya ya ga tsohon ƙarfe, ɗaya ya ga abin da ya girgiza ƙasa. Haka hubbaren Wurno yake. Ginin kansa ba zai ba ka labari ba. Abin da ka sani kafin ka iso, shi ne zai sa ka ga abin da ke gabanka.

ƘASAR

Ku ɗauko taswirar Jihar Sakkwato. Gulabe biyu ne suka raba gabashin jihar. Gulbin Rima yana gangarowa daga arewa maso gabas, ya bi ta Goronyo, ya wuce gefen Wurno. Gulbin Sakkwato kuma yana zuwa daga wajen Gusau, ya bi ta Rabah. Suna haɗuwa kusa da birnin Sakkwato. Ko'ina gefensu fadama ce mai faɗi, inda ake noman shinkafa da damina, da rani kuma albasa da tafarnuwa da tattasai. Da ka bar fadama sai tudu mai yashi da tsakuwa, ƙasar gero da wake.

Garin Wurno yana kan tudu yana kallon fadamar Rima. Daga Sakkwato akan bi hanyar Acida, kuma tafiyar ba ta da tsawo a mota. Ku riƙe maganar tudun nan, domin ita ce amsar tambayar da ke gaba.

A Goronyo akwai babbar madatsar ruwa da aka gama ginawa a kan Rima a 1984. Daga nan ake sako ruwan noman rani da ruwan shan birnin Sakkwato. A 2010 da ta cika aka buɗe ƙofofinta, ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki masu yawa a ƙasanta. Wannan na darasin labarin ƙasa ne, ba zan tsaya a kansa ba.

ME YA KAI SARKIN MUSULMI WURNO?

Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. An haife shi a 1781. Yana saurayi mai shekara 23 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, kuma yana cikin manyan jagororin yaƙin da ya ƙare da faɗuwar Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808. A 1809 ya fara ginin Sakkwato. Da Shehu ya rasu a 1817 aka yi masa mubaya'a ya zama Sarkin Musulmi.

Ɗalibi mai lura zai yi tambaya a nan. Mutum ya gina birni, ya kewaye shi da ganuwa, kabarin mahaifinsa yana ciki, fadarsa da masallacinsa suna ciki. Don me zai ƙare kwanakinsa a wani gari dabam?

Amsar tana cikin kalmar ribaɗi. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawo ƙarshen yaƙi ba. Gobirawan da ba su miƙa wuya ba sun ja arewa, Katsinawan da suka ƙi bin sabuwar daula sun kafu a Maraɗi, ga kuma Buzaye waɗanda yau suna tare da wannan, gobe da wancan. Duk hanyar da mahara za su bi su iso Sakkwato daga arewa maso gabas, ta kwarin Rima take. Bello ya ga cewa fita yaƙi da rani a komo gida da damina ba zai tsare manomi a gonarsa ba. Saboda haka ya shiga kafa garuruwa masu ganuwa a bakin iyaka, a zaunar da mayaƙa da iyalansu, a sa malami da alƙali, a yi masallaci da kasuwa, a kawo maƙera da masaƙa da marina. Irin wannan gari shi ne ribaɗi. Ya kuma yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su zauna a irin waɗannan garuruwa, su yi noma, 'ya'yansu su yi karatu. Gandi, wadda take cikin ƙaramar hukumar Rabah a yau, da Shinaka ta ƙasar Goronyo, da Lajinge, duk ribaɗi ne. Yakan ɗora 'ya'yansa da 'yan'uwansa a kansu.

Wurno kuwa ya riƙe wa kansa. Ya kafa ta kimanin shekara goma kafin rasuwarsa, a kan tudun da mai tsaro zai hango ƙurar dawaki tun daga nesa, ga ruwa da ciyawa a fadama. A 1836 ya fita da kansa ya ci nasara a kan taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye a Gawakuke, inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. A watan Oktoba na 1837 ya rasu a Wurno, aka binne shi a can. Malaman Musulunci suna koyar da cewa wanda ajali ya same shi yana zaman ribaɗi yana da lada mai girma, don haka ga mutanen Wurno, kasancewar kabarin a garinsu ba hatsari ba ne. Sarkin da ke da ikon zama a tsakiyar birni ya zaɓi ya zauna inda hari yake fara sauka. Ko da mutum ba Musulmi ba ne, ina ganin wannan abin tsayawa a yi tunani ne, musamman ga waɗanda suke fatan riƙe mulki wata rana a cikinku.

Bayansa ma Wurno ba ta koma ƙauye ba. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, a nan ya fi zama. Haka jikansa Umaru, daga 1881 zuwa 1891. Watau shekaru da yawa a ƙarni na 19, wanda yake neman Sarkin Musulmi sai ya zo Wurno, Sakkwato kuwa tana nan a matsayin birnin Shehu da na Waziri. Sarautar hakimin Wurno ita ce Sarkin Sudan. Marigayi Alhaji Shehu Malami, wanda ya taɓa zama jakadan Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya daɗe yana riƙe da ita kafin rasuwarsa a 2022.

Bello ba mayaƙi ba ne kaɗai. Ya rubuta littattafai masu yawa da Larabci, a kan mulki da shari'a da tarihi, har da magani. Littafinsa Infaƙul Maisuri, wanda ya gama a 1812, yana cikin manyan madogaran masu nazarin tarihin jihadi har yau. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta tsara aikin 'yan taru, inda jajis suke kai karatu ga matan ƙauyuka. Ita kabarinta yana hubbaren Shehu a Sakkwato. 'Yan mata, wannan suna ne da ya kamata ku riƙe.

KIRISTOCIN DA SUKA RIGA KU

Ba ku ne Kiristocin farko da za su tsaya a gaban Bello ba. Waɗansu sun same shi da ransa.

A 1824 wani Baturen Birtaniya, Kyaftin Kilafaton, ya iso Sakkwato ta hanyar Borno da Kano. Bello ya karɓe shi, ya sauke shi a hannun Waziri Giɗaɗo, suka yi ta zama suna hira. A cikin hirar ne Bello ya shiga yi masa tambayoyi a kan ɗarikun Kirista na dā, ya ambaci Nasturawa da waɗansu, yana so ya san wace ce tasa. Kilafaton da kansa ya rubuta cewa abin ya fi ƙarfinsa, sai ya amsa cewa shi Furotesta ne, kuma bai yi zurfi a ilimin addini ba. Ku duba fa: baƙo ya ƙetare hamada ya zo, mai masauki ya fi shi sanin tarihin ikkilisiyarsa. A duk labarin nan babu abin da na fi so ɗalibaina su riƙe kamar wannan. A wurin ziyara za a tambaye ku ku su wane ne, me kuka gaskata. Ba don faɗa za a yi tambayar ba, sau da yawa son sani ne. Wanda bai iya ba da amsa gajeriya cikin natsuwa ba, ko dai ya yi shiru da kunya, ko ya ɗauki zafi. Duka biyu ba su da kyau.

Kilafaton ya komo a 1826, ya kawo wa Bello kyautar littattafan Larabci, ciki har da littafin lissafi na Iƙlidis, masanin nan na Girka. Bello ya yi murna ƙwarai, ya ce da ma gidansu suna da shi, gobara ce ta cinye. Wannan zuwa na biyu bai yi daɗi kamar na farko ba, gama Sakkwato tana cikin rigima da Borno a lokacin, Kilafaton kuwa yana ɗauke da saƙo da kaya zuwa ga Shehun Borno, aka hana shi wucewa. Ya yi ciwo ya mutu a watan Afrilu na 1827. Bello ya ba da izini a binne shi a wani ƙauye kusa da birni, yaronsa Landa ya karanta masa addu'ar jana'iza irin ta Kirista. Wanda kuke shirin ziyartar kabarinsa, shi ma ya taɓa ba wa Kirista wurin kabari a ƙasarsa, a lokacin da ba su shiri sosai.

A 1853 kuma Dakta Bart, Bajamushe, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen nan, ya zauna makonni a Wurno a zamanin Aliyu Babba. Bai ɓoye cewa shi Kirista ne ba a fadar Sarkin Musulmi. Abin da ya buɗe masa ƙofofi shi ne yana jin Larabci da Hausa, yana neman malamai, yana aron littattafansu ya karanta. Shi ya sa abin da ya rubuta yake da amfani har yanzu, na waɗansu matafiya da suka zo suna kallon mutane kamar kayan kallo kuwa an manta da shi.

RABAH

Wanda ya je Wurno, in hanya ta yi kyau, sai ya biya Rabah. Ɗan Bello, Abubakar Atiku, ya zauna a can kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1873, shi ya sa ake ce masa Atiku na Rabah. Jikansa shi ne Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda aka haifa a Rabah, ya yi Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, daga baya Firimiyan Jihar Arewa har zuwa kisansa ranar 15 ga Janairu 1966. A Kaduna aka binne shi. Rabah ba wurin ziyarar addini ba ce kamar Wurno, amma tana nuna muku cewa tarihin da kuke karantawa don jarrabawa kashi biyu, na jihadi da na 'yancin kai, a gida ɗaya ya taso.

YADDA AKE SHIGA

Kalmar hubbare ta zo mana ta bakin Fulani, asalinta kuwa ƙubba ce ta Larabci, watau ginin da akan yi bisa kabarin babban mutum. Musulmi sukan je ziyara su yi wa mamacin addu'a, su tuna da mutuwa, waɗansu kuma suna neman albarka. A kan wannan na ƙarshe akwai saɓani tsakaninsu. Mabiya ɗarikun Ƙadiriyya da Tijjaniyya suna ba ziyara muhimmanci, ƙungiyar Izala kuwa, wadda aka kafa a Jos a 1978, tana gargaɗi ƙwarai a kan neman wani abu a wurin kabari. Ku san da wannan saɓani, amma ba naku ba ne. Baƙo ba ya raba gardamar masu gida.

Hausawa suna cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido. Saboda haka ba a faɗa wa wuri irin wannan kai tsaye. Makaranta takan aika da takarda tun da wuri, in an isa gari a fara zuwa fada a yi gaisuwa, a faɗi ko su wane ne da abin da ya kawo su. Kada a ɓoye cewa daga makarantar mishan aka zo. A faɗa tun farko, domin masu kula da wurin su san inda za su tsayar da ku. In sun ce ku shiga, ku shiga. In sun ce iyakarku bakin ƙofa, to nan ne iyakarku, kuma ba wulaƙanci ba ne. Mu ma a majami'a ba kowane baƙo ne yake cin Jibin Ubangiji ba, ba kuwa don mun raina shi ba.

Gaisuwa a ƙasar Sakkwato tana da tsawo, kada ku yanke ta. Za ku ji ana cewa lahiya inda kuka saba jin lafiya, ana cewa ranka shi daɗe, ana tambaya da mi maimakon me. Wannan Hausa ce tsantsa, tsohuwa ma kuwa, ba abin dariya ba. Yaro yakan rusuna wa dattijo, ba ya miƙa masa hannu sai shi ya fara miƙowa. Namiji ba ya miƙa wa mace hannu. In za ku ambaci masu kabarin, ku sa musu girmansu: Shehu, ko Mujaddadi, da Sarkin Musulmi Bello. Sunan Annabin Musulunci kuwa ba a kiransa gatsau, kuma ba wurin da za ku sa shi cikin wasa ko gardama.

Tufafi: 'yan mata su sa zane ko doguwar riga, su yafa gyale su rufe kai. Samari su bar gajeren wando a makaranta. Takalmi akan tuɓe shi a inda aka ga masu gida sun tuɓe nasu. Akwai ɗalibin da ya taɓa tambayata ko tuɓe takalmi a wurin ibadar wani ba sujada ba ce ga abin da yake bauta wa. Tambaya ce mai kyau, kuma amsata ita ce a'a. A ƙasar Hausa ana tuɓe takalmi a zauren hakimi, da ɗakin suruki, da gaban malami. Matafiyi a Biyetnam ma yakan tuɓe nasa a ƙofar ɗakin ibadar Buda, ba wanda yake cewa ya sake addini. Girmama mutane ne da abin da suka ɗauka da tsarki. Abin da ba za ku yi ba shi ne kwaikwayon ibadar da ba taku ba. In masu ziyara suka ɗaga hannu suna addu'a, ku tsaya ko ku zauna shiru har su shafa. Kada ku ɗaga hannu don a ce kun iya zama da mutane, kada kuma ku buɗe waƙa ko addu'a da ƙarfi don a san ku su wane ne. Wanda yake so ya yi addu'a, zuciyarsa tana tare da shi. Ku tuna labarin Bulus Manzo a Atina cikin Ayyukan Manzanni sura 17. Sai da ya zaga ya duba wuraren ibadarsu da kyau, har ya karanta rubutun da ke jikin bagadi, sa'an nan ya yi magana, kuma a wurin da aka gayyace shi ya yi.

Ku lura da inda kuke sa ƙafa. Kabarin Musulmi a ƙasar nan sau da yawa tudun ƙasa ne kawai, ba siminti, ba suna, wani lokaci sai 'yan duwatsu ko fasasshiyar tukunya. Wanda ya saba da maƙabartar da ke da gicciye da allon suna yana iya taka shi bai sani ba. Ga alama: ana kwantar da mamaci a kan gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, wadda a nan take gabas, don haka kaburbura sukan miƙe daga kudu zuwa arewa, kai yana kudu. In kun ga tudu-tudu a jere haka, ku kewaye.

Hoto sai da izini, na wuri ne ko na mutum, balle mata. Wayar hannu ta sa wannan ya fi dā wuya, gama yanzu yaro yakan ɗauka ya watsa a Facebook kafin ya fito daga ƙofa, har da 'yar magana ta barkwanci a ƙasa. Baki shi kan yanka wuya, yatsa ma haka. Ranar Juma'a da lokutan salla ba lokacin zuwa ba ne. In wanda ya zaga da ku ya gama, akan ba shi ɗan goro don wahalarsa. Malami ne zai ba da shi a madadin kowa, ba kowane ɗalibi ya zaro nasa ba.

ABIN DA BA A FAƊA A BAKIN KABARI

A cikinku akwai waɗanda kakanninsu suke tunawa da ƙarni na 19 da wani ido dabam. Daular Sakkwato ta kawo karatu da shari'a da kasuwanci mai faɗi, amma kuma tana da bayi masu yawan gaske, kuma da yawansu an kamo su ne daga al'ummun da ba Musulmi ba a gefen daular. Waɗansu garuruwan ribaɗi da gonakinsu da ƙarfin bayi aka raya su. Bagobirin Tsibiri ko Bakatsinen Maraɗi ma ba zai ba ku labarin Gawakuke yadda mutumin Wurno zai ba ku ba. Ba na so ku haddace rabin tarihi. A aji za mu buɗe wannan magana gaba ɗaya, da hujjoji, kowa ya faɗi nasa. Amma kowace magana da wurinta. Wanda ya je gidan makoki ba ya karanto bashin da mamaci ya ci, ko da gaskiya ne. A hubbare kun je ji ne da gani. Ku rubuta abin da aka faɗa muku kamar yadda aka faɗa, ku zo da shi mu auna shi da sauran.

HALIN HANYA

Dole in faɗi abin da iyayenku za su fara tambaya. Gabashin Sakkwato ya sha wahalar 'yan bindiga. A watan Yuli na 2018 an kashe mutane da dama a Tabanni, kusa da Gandi a ƙasar Rabah. A watan Oktoba na 2021 an buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum sama da 40 suka mutu. Garuruwan da Bello ya kafa don manomi ya kwana da ido biyu rufe, su ne jikokin manoman suka riƙa gudu daga cikinsu ko zuwa cikinsu, kuma yawancin waɗanda aka kashe Musulmi ne talakawa. Akwai kuma kisan gillar da aka yi wa wata ɗaliba Kirista a Sakkwato a watan Mayu na 2022 bisa zargin ɓatanci, wanda Majalisar Sarkin Musulmi da shugabannin Kirista duk suka yi tir da shi. Bayan wannan, iyaye da yawa ba sa so su ji an haɗa sunan 'ya'yansu da wurin ibadar Musulmi ko kaɗan. Ban ga laifinsu ba. Amma na lura cewa yaran da suka tashi ba su taɓa zama gaban dattijon Musulmi sun ji tarihi daga bakinsa ba, su ne suka fi saurin gaskata kowace jita-jita, haka kuma yaran wancan ɓangare da ba su taɓa ganin ɗalibi Kirista ya rusuna ya gaida kakansu ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar, wanda ya hau a 2006, kuma shi ma daga zuriyar Bello yake, ya daɗe yana zama teburi ɗaya da shugabannin Kirista a majalisar addinai ta ƙasa. Abin da manya suke yi a Abuja ba zai kama ƙasa ba in yara ba su san juna ba.

Duk da haka ba wanda zai kama hanyar Wurno don ya karanta wannan shafi. Tafiya sai da yardar iyaye da shugaban makaranta, bayan an tambayi hukuma da mutanen garin halin da hanya take ciki a makon, a tafi da safe a komo da rana tsaka. In an ce a dakata, a dakata. Kabarin ya yi shekara fiye da 180 a wurin, zai jira ku.

Kafin nan akwai abin da za a iya yi a cikin birnin Sakkwato. Gidan adana tarihi na Waziri Junaidu yana da takardu da makamai da kayan sarauta na wancan zamani. Hubbaren Shehu kuma yana tsakiyar tsohon gari, ba nisa da fadar Sarkin Musulmi, kuma duk ladabin da na lissafa a sama haka yake a can.

Aikin hutu ga 'yan aji huɗu da biyar: kowa ya zana taswirar gulaben Rima da Sakkwato, ya sa Wurno da Rabah da Goronyo da Gandi da Shinaka a inda suke, ya ja kibiya ta nuna inda hari yake fitowa a zamanin Bello. Sa'an nan ya nemi dattijo ɗaya a unguwarsu, Musulmi, wanda ya taɓa zuwa ziyara Wurno ko hubbaren Shehu, ya gaishe shi yadda ya kamata, ya tambaye shi abin da ya kai shi da abin da ya gani. A rubuta amsarsa cikin shafi biyu, da kalmominsa, ba gyara, ba sharhi. A kawo a makon farko na sabon zango.